Ranar da Tarakta Ta Rufa Min Asiri

Tun makon jiya ma'aikatan council, wato ƙaramar hukuma, suke tone titinmu a nan unguwar Barking ta London. Duk sanda katafilarsu ta motsa, ƙafafunta na sarƙa suka yi ƙwaram-ƙwaram a kan kwalta, sai in tsinci hannuna a kan mayafi ina jawo shi gaba. Ni kaɗai a ɗaki, ba baƙo ba suruki, amma jikina ya yi zafi kamar yarinyar da aka kama tana leƙen zaure. Tsohuwa da furfura da haƙoran roba, ƙarar ƙarfe tana sa ta sunkuyar da kai. In na tuna dalili sai in yi dariya, in na ƙara tunawa kuma dariyar ta tsaya.

Yaran yanzu ba za su gane ba, ban kuma ga laifinsu ba. Jikata, 'yar ɗan farina, cikin fari ne da ita, kuma hoton abin da ke cikin nata yana manne a ƙofar firji, kowa ya zo ɗaukar madara sai sun gaisa da shi. A gaban ubanta take shafa ciki tana cewa ya motsa. Ranar da suka tara mutane suka fasa balan-balan don a san mace ce ko namiji, bayan gida na shige na daɗe ban fito ba. Mu a inda muka tashi, ciki ba abin faɗa ba ne. Kowa yana gani, ba mai gani. Na tuna wata goggona, muna daka da hantsi, ana luguden taɓarya ana waƙa, sai kawai ta jingine tata a jikin turmi, ta gyara ɗaurin zani, ta shige ɗaki. Ba mu ji ko tari ba. Kafin a tankaɗe garin sai ga kukan jariri. Innata ta dube ni ta ce, "Kin gani ko? 'Yar gidan mutunci ba ta raki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na haɗiye wannan magana tun ban san me take nufi ba, na kuma zo da ita har ƙasar Turawa.

Karatu ne ya kawo maigidana, Allah Ya jiƙansa, ni kuma aure ya kawo ni. A Woolwich, wata unguwa a London, muka zauna, ɗaki da rabi a saman bene, gidan wata tsohuwa mai kyanwowi. Har yau hancina yana riƙe da ƙamshin kananzir na hitar ɗumama ɗaki da muke dafewa, da warin rigar sanyi da ta ƙi bushewa. Da garin samolina nake tuƙa tuwo, kukar da aka aiko daga gida kuwa sai na auna ta da ƙaramin cokali kamar magani. Da asuba ƙarar kwalaben madara ce take tashina, can kuma jirgin fito ya yi ƙugi a kogi. Ta tagar kicin ina hango kogin nan. Wani lokaci in gan shi cike taf, anjima in ga ya janye ya bar laka baƙa, tsuntsaye suna tattaki a kai. Ni a zatona wata madatsa ce Turawa suke buɗewa suna rufewa. A garinmu ruwa da damina yake zuwa, ya cika rafi, ya yi watanninsa, ya tafi. Wa zai ce min akwai ruwan da yake tafiya da safe ya dawo da yamma? Ban tambaya ba, ba a kuma gaya min ba.

Da a gida ne, cikin fari yana tsufa za a mai da ni gaban Innata goyon ciki. A nan kuwa ba Inna ba goggo. Maimakon haka sai Allah Ya kawo mana baƙo, wan maigidana, wanda muke ce wa Yaya. Ma'aikatar gona ce ta turo shi kwas, ya sauka a rabin ɗakin nan namu. Dogo ne, mai kwarjini, ko a wane irin sanyi sai ya ɗora babbar riga a kan suwaita. Tunda aka kawo ni gidansu bai taɓa duban fuskata ba, ni ma ban san kalar idonsa ba. In na durƙusa a bayan ƙofa na ajiye abinci, bango yake yi wa magana: "A ce wa mutanen gidan nan an gode." Wan miji ai uba ne. Haka muka zauna a wuri kamar tafin hannu, ina yawo cikin ƙatuwar kwat ɗin maigidana ina ɓoye abin da ba ya ɓoyuwa, shi kuma yana kallon silin duk sanda na gifta.

Da kwas ya ƙare, Yaya ya ce ba zai koma gida a tambaye shi teku ya ce bai gani ba. Maigidana ya ce Asabar sai mu je. A lissafina haihuwa da saura, amma tun da asubar ranar na ji bayana yana ɗaurewa yana saki. Maigidana ya leƙo kicin ina zuba shinkafa a kwano ya ce, "Ke, kin shirya kuwa? Yaya yana jira." Yaya kuwa yana tsaye a bayansa, hula a kai. In na ce ba za ni ba, sai an ce don me. In na faɗi don me, na faɗa a kunnen wan mijina. Na ce, "Na shirya." Na ɗauki kwanon muka hau jirgin ƙasa.

Garin da muka sauka a bakin tekun ƙarami ne, rana ta fito, Turawa sun baje a kan rairayi kusan tsirara, Yaya yana ta istigfari yana kallon takalminsa. Abin da ya fara ɗauke masa hankali wani dogon ɗaki ne a bakin gaɓa, ƙofarsa a wangale. A ciki ga jirgin ruwa, wanda aka ce na ceton mutane ne, yana zaune a kan wata ƙatuwar amalanke ta ƙarfe. A bakin ƙofa kuma ga tarakta. Yaya mutumin tarakta ne, nan da nan ya manta da mu. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ta, ya duba ƙafafunta na sarƙa irin na katafila, ya ɗaga kai ya bi bututun hayaƙinta da aka miƙe can sama. Duk wata kafa a jikinta an toshe ta da roba. Ya ce wa ƙaninsa, "Ikon Allah. Tarakta a inda ko ciyawa ba ta fita. Me take nomawa?" Wani dattijon Bature mai gashin baki yana goge ta da tsumma. Ya ce musu a garin nan babu tashar da jirgi zai zauna a ruwa, don haka ita take tura shi har cikin teku in an yi kira, ita kuma take jawo shi gida. Ni dai ina jingine da bango ina jiran ciwon ya sake ni, ban ko kalli mutumin ba.

Teku kuwa ta yi nisa. Rairayi ne shimfiɗe iya ganinka, ruwan yana can yana ƙyalli kamar bakin faranti. Yaya ya ce sai ya taɓa shi da hannunsa, ya yi alwala da shi. Muka kama tafiya, su a gaba suna hirar gida, ni a baya da kwanon shinkafa. In abin ya taso sai in tsuguna kamar ina tsintar katantanwa. Maigidana ya waiwayo yana dariya ya ce, "Yarinta dai ba ta sake ki ba." Na cika aljihun kwat da katantanwar da ban san me zan yi da ita ba. Muka kai bakin ruwa, suka yi alwala, suka ɗauki hoto. Mun ga mutane suna juyawa ɗaya bayan ɗaya, muka ɗauka yunwa ce ta kore su. Baƙo ko da idonsa makaho ne.

A kan wani ɗan tudun rairayi na zauna, daga nan kuma tashi ya gagara. Maigidana ya ce, "Taso mu tafi." Na ce to, ban motsa ba. Ya sake faɗa, na sake cewa to. Ina jin Yaya ya gane wani abu, don ya juya mana baya, ya ce wa iska, "A bar mutane su huta, ba sauri ake ba. Bari mu yi la'asar." Ka ji yadda muka yi. Ni kunya ta hana ni faɗa, Yaya kunya ta hana shi tambaya, maigidana kuma yana tsakiya, ba ya iya yi wa matarsa maganar ciki a gaban wansa. Mu uku, kowa yana kare mutuncin kowa, ruwa kuwa yana zagayowa ta bayanmu ba ƙara ba motsi. Suna sallame salla faya ta fashe min. Na dubi zanina, na ɗaga kai don in ga ko sun lura, sai na ga hanyar da muka biyo ta zama kogi.

A nan tsoro ya shige ni, ba na mutuwata ba. Abin da ke cikina ya riga ya kama hanya, ba ya jiran kowa, ga shi ba ungozoma, ba ɗaki, ba ko tabarma, tudun kuma yana raguwa ina gani. Na cusa gefen mayafi a baki na cije. Maigidana ya tuɓe hula yana kaɗawa yana ihu da Turanci, Yaya yana tsaye ƙiƙam yana jan Hasbunallahu. Sai muka ji wata ƙara daga gari, dum, kamar an buga bindigar gargajiya, aka sake bugawa. Daga baya na san da ita ake kiran masu jirgin, kowa ya bar abin da yake yi ya rugo. Can sai ga abu ya fito daga dogon ɗakin nan. Jirgin ne a kan amalankensa, tarakta tana bayansa tana turo shi, maza sanye da ruwan ɗorawa suna gudu a gefe. Iska ta kawo mana ƙararta, ƙwaram-ƙwaram, da gurnanin inji. Ta iso bakin ruwa ba ta tsaya ba. Ruwa ya cinye sarƙar, ya hau cikinta, igiyar ruwa tana marin gilashinta, ita kuwa tana ta kutsawa, bututun nan kaɗai yana fitar da hayaƙi a sama. Yaya ya daina jan carbi ya ce, "La ilaha illallahu, ta shiga!" Sai jirgin ya zame daga kan amalanken ya nufo mu.

Ceto ne, na sani, amma abin da ya biyo baya shi nake jin nauyinsa har gobe. Ruwa ya kawo min gwiwa lokacin da suka iso. Maza biyu da ban taɓa gani ba suka ɗauke ni cak, kwat ta buɗe, katantanwa ta zube, zanina jiƙe ya manne a jikina. Ɗaya daga cikinsu ya kalle ni ya kwarma da ƙarfi, wai matar nan haihuwa za ta yi. Ko wanda bai ji Turanci ba ya ji wannan, balle Yaya da ya yi kwas. Maigidana ya dubi wansa, wansa ya dubi teku. Da ƙasan jirgin zai tsage da na shige. Suka kwantar da ni a ciki, suka lulluɓa min bargon da bai kai ko'ina ba. Sai na ji inuwa ta rufe ni. Yaya ne ya tuɓe babbar rigarsa, ya tsaya daga shi sai suwaita, ya ware ta da hannu biyu ya yi min labule, fuskarsa tana wani gefen. Iska tana fizgar rigar, jirgi yana tangaɗi, bai sauke hannu ba.

Tarakta tana nan cikin ruwa tana jiranmu. Aka maƙala wa jirgin igiyar ƙarfe, ta fara naɗewa, ƙiii, ƙiii, har muka hau kan amalanken, ta ja mu zuwa tudu. Sai ga mu a sama kamar a kan rufin soro. Ta ƙarƙashin rigar Yaya na hango abin da ya fi ruwan ba ni tsoro. Duk mutanen da ke bakin tekun nan sun taru, maza da mata da yara da askirim a hannu, suna tafi suna fito. Aka jingina tsani, wai mu sauko. Ni da ban yarda wan mijina ya ga tudun cikina ba, yau zan sauko tsani da jiƙaƙƙen zani a gaban gari guda, naƙuda tana murɗa ni. Na ƙanƙame wani ƙarfe na rufe ido. Wani saurayi cikin masu jirgin ya durƙusa kusa da ni yana cewa in yi kuka mana, ba komai, in saki murya. Na girgiza kai, na ƙara cije mayafin har na ji ɗanɗanon jini.

Sai na ji tsanin ya motsa, wani ya hawo. Dattijon nan ne mai gashin baki. Ya dube ni sau ɗaya, ya dubi Yaya da rigarsa, ya sauka. Ya janye tsanin ya jefar a rairayi. Na ji ya yi wa mutanensa magana a taƙaice, sannan injin ya tashi. Tarakta ta juya da mu a hankali har taron ya koma bayan rigar Yaya, muka kama hanyar dogon ɗakin. Tafiya muke kamar ta hawainiya, amma injin yana ruri kamar zai fashe, ko muryar wanda ke kusa da kunnenka ba ka ji. Da abin ya sake taso min, na buɗe baki don in ja numfashi, sai ihu ya ƙwace. Ban ji shi ba. Ba wanda ya ji shi. Na sake yi, na kira Innata, na kira Allah, na yi rakin da aka ce 'yar mutunci ba ta yi, duk ya narke cikin ƙarar tarakta. Dattijon ya tura amalanken cikin ɗakin, ita kuma tarakta ya tsayar da ita a bakin ƙofa ta toshe ta, hayaƙinta yana fita waje. Bai kashe injin ba.

Wata nas da wasu mata biyu na garin suka hawo jirgin, aka kori maza. A nan, a kan bargo mai warin man inji, aka haifi ɗan farina. Ya fito shiru. Nas ta juya shi tana murza bayansa, ɗaya daga cikin matan ta leƙa ta ɗaga wa dattijon hannu, injin ya mutu. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. A cikinsa na ce wa Allah in dai yaron nan zai yi numfashi, duk garin su zo su kalle ni, na yarda. Sai ya tsanyara kuka. Daga waje na ji muryar Yaya yana hamdala. Shi ya yi masa kiran salla a kunne, yana karkarwar sanyi, don da babbar rigarsa aka naɗe jaririn.

Da motar asibiti ta zo aka fito da ni, na ja mayafi na rufe fuskata ruf. Ta ƙasansa na ga takalman roba guda biyu a gefen sarƙar tarakta, ruwa yana ɗiga daga jikinsu. Na san shi ne. Na so in yi masa godiya, amma mutumin nan ya ga abin da ko mijina bai gani ba, na kasa ɗaga ido. Aka wuce da ni. Yaya ya koma gida, ya rayu ya tsufa, bai taɓa tayar da zancen ba, bai kuma tambayi rigarsa ba. Maigidana ma haka har ya koma ga Allah. Abin da yaron ya sani kawai shi ne an je yawo aka haife shi a wani gari a bakin teku. Na kuma sha tambayar kaina ko dattijon da gangan ya yi ta taka injin, ko kuwa haka tarakta take in tana jan kaya a rairayi.

Bana da zafi ya shigo, shi ɗan farin nawa, wanda har yau bakina bai taɓa furta sunansa ba, ya shigo ɗakina ya ce, "Hajiya, na yi booking, na kama mana hayar mota babba. Asabar za mu garin da aka haife ni, ban taɓa ganinsa ba." Na ce ƙafata tana ciwo. Jikata ta ce, "No excuses, Kaka, ba wani uzuri, ni ma da wannan cikin zan je." Na ce mata fitsararriya, ta yi dariya. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Garin yana nan, amma an rushe tsohon ɗakin an gina sabo mai gilasai. Mun tarar suna gwaji. Abin da yake kai jirgi ruwa yanzu ba za ka ce masa tarakta ba, wani dogon abu ne kamar tirela, gaba da baya duk sarƙa, direban yana zaune cikin akwatin gilashi. Wata yarinya ce ma take tuƙa shi, da gashinta a ɗaure. Ya shiga ruwa, jirgi ya taho a guje ya hau rairayi, abin ya sunkuya ya jawo shi, ya ɗaga shi, ya juya shi a kan bayansa har hancinsa ya sake kallon teku. Ba a buga bindiga, wai yanzu wata 'yar na'ura ce take kiransu a aljihu. Gwanin sha'awa, ban musa ba. Amma da na duba taron, kowa ya ɗaga waya sama, har jikata. Na ce a raina, da yau ne, kafin in sauka daga jirgin nan an gan ni a Kano.

A gefen sabon ginin suka ajiye tsohuwar taraktar. An yi mata fenti, yara suna hawa. Ta ƙanƙance a idona, amma bututun nan yana nan a miƙe. Na tsaya nesa. Wata Baturiya mai furfura, cikin masu aikin sa kai na wurin, tana yi wa baƙi bayani, ɗana da 'yarsa suka matsa, dole na bi su. Ta ce babanta ne ya tuƙa wannan har ya tsufa, ya kuma rasu da daɗewa. Ta ce ya shiga da ita ruwa cikin hadari iri-iri, amma labarin da ya fi so shi ne na ranar da aka haifi jariri a cikin jirgin. Wani ya tambaya 'yan ina ne. Ta ce bai taɓa faɗa ba, ko 'yan jarida da suka zo korarsu ya yi. Abin da yake cewa kawai, baiwar Allah ce da ba ta son a gan ta, ba ta kuma son a ji ta. Ta yi dariya ta ce, "Wai ranar ya kusa ƙona injin. Ya yi ta taka shi a banza tun daga bakin ruwa, don ta samu inda za ta yi kukanta. Har ya mutu yana cewa ko yaron ya rayu bayan an tafi da shi asibiti."

Ɗana bai juyo ba, amma na ga wuyansa ya ƙage. Ya gane. Jikata ta buɗe baki za ta yi magana, ya dafa kafaɗarta. Sannan ya matso a hankali ya tsaya tsakanina da matar, ya yi min katanga da faɗin bayansa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Hajiya, iska ta yi yawa. Mu je ki sha shayi." Tsayuwar Yaya sak, babbar riga ce kawai babu.

Da na bi shi, da shi ke nan, asirina a rufe har kabari. Kunya ta taso min kamar ranar, fuskata tana zafi, mayafi ya riga ya sauko har hanci. Amma mutumin nan ya mutu bai san ko yaron ya rayu ba, ga kuma 'yarsa a gabana. Na ɗage mayafin. Na kama wuyan hannun ɗana, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba tun yana goye, na jawo shi gaban matar. Turancin da na tara na shekara da shekaru duk ya gudu, ban sami komai ba sai na cewa ga shi nan, ya rayu. Ta dube shi, ƙato da furfura a gemu, ta dubi cikin jikata, ta toshe baki da hannu. Na ce mata babanta ya rufa min asiri, Allah ne kaɗai zai biya shi. Da Hausa na faɗi wannan, ɗana ya mayar mata da Turanci. Ta rungume ni a gaban kowa, ni kuma na tsaya kamar icce ina zubar da hawaye. Jikata dai, Allah Ya yi mata albarka, wayarta tana cikin jaka.

Muka kamo hanyar dawowa har muka fara ganin fitilun London. Jikata ta kwantar da kai a kafaɗata. Na ce mata, "Ke, in naki ya zo, tun ciwon farko ki faɗa. Ko gaban wa kike." Ta ce, "Yes, Kaka." Ubanta yana tuƙi, ya dube ni ta madubi, ya yi gyaran murya.

"Hajiya, ashe dai kin yi raki ranar?"

Na jawo mayafina gaba na kalli taga. Na ce, "Wa ya ji? Koma ka tambayi tarakta."